Allah Shi Gafarta Malam, Ajiye Bokitin Nan

Na san ku sarai. Tun ban rufe baki ba kan cewa yau zancen akwatin gilashin da ake zuba kifin ado za mu yi, wani a Sifawa ya riga ya turo hula gaban goshi ya ce, "Mi za a yi da kihin da ba a ci?" Na Boɗinga ya ce ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Na Shagari ko tankawa bai yi ba, don shi mai madatsar ruwa ne a bayan gari, kifin da bai cika tafin hannu ba mayar da shi yake yi ya ce ya je ya girma tukuna.

To Allah shi ba ku haƙuri. Amma ku gaya mini, dokin da ake ɗaurewa a turke shekara guda cur, ana ɗura masa dawa da harawa da kanwa don hawan Sallah, wa ya taɓa shan romonsa? Kanarin da ke rataye a keji ƙofar shagon tela fa, miya ake yi da shi? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Kuma ku daina raina ƙananan kifaye. A kogin Neja, wanda gulbin Sakkwato ke zuba wa ruwa, akwai wani ɗan kifi mai doguwar haɓa da Turawa ke kira mai hancin giwa. Daga Najeriya ake ɗaure shi a leda da iska, a sa shi jirgin sama zuwa Turai da Amurka, masu akwatin kifi su biya kuɗi su saya. Abokin sana'ar minjirya ne, yana fitar da 'yar wutar lantarki, sai dai tasa ba ta kai ta girgiza mutum ba. A Jamus har gadin ruwan sha aka taɓa sa shi: in ruwan ya gurɓata, bugun wutarsa ya canza, na'ura ta sanar da ma'aikata. Kifinmu ya je Turai ya samu aiki, mu muna nan muna tambayar ko ana soya shi.

Ba wannan ya kawo ni ba dai. Abin da ya kawo ni shi ne gidan da an riga an saya. Yaro ya dawo daga Sakkwato da akwati a bayan mota, an zuba yashi da duwatsu, an cika ruwa, an saki kifi. Ranar farko ruwa garai-garai, maƙwabta na shigowa kallo. Kwana biyu ko uku sai a wayi gari ruwan ya yi fari-fari, kifin da ke bayan akwati sai inuwarsa ake gani. Nan fa masu dariyar jiya suke zama likitocin yau. Baba ya ce, "Ku zubar da shi duka, ku wanke da omo, ku zuba sabo." Inna ta aika a kawo alam. Yayan yaro ya leƙa ya ga kifi na buɗe baki a saman ruwa, ya ce yunwa ce, a ƙara musu abinci. Shawara uku, kowace ta isa ta kashe kifin ita kaɗai.

Abin da ke ba ni mamaki, a ce a Sifawa ake wannan garaje. Garin da Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙaninsa Malam Abdullahi na nan kusa a Boɗinga. Ƙasar da yaro tun yana karatun Ishmawi ya san ba a yanke wa ruwa hukunci sai an duba launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, an kuma tambayi abin da ya canza shi: ƙasar da yake kwance a kai ce, ko wani abu ne da ya haifu daga cikinsa irin gansakuka, ko daɗewa ce, ko kuwa wani abu ne ya faɗa masa daga waje. Allah shi gafarta Malam, tambayar da za ka yi wa akwatin kifi ke nan, ba ƙari ba ragi. Ɗanɗanon dai na yafe maka.

Ga gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗebi ruwan a kofin gilashi, ka ajiye shi kan tebur ya kwana. In ka tashi ka ga sama ta washe, laka ta kwanta a gindin kofi, to ƙasa ce kawai. Ko yashin ne ba a wanke ba, ko ruwan madatsa aka ɗebo da damina, ko ƙurar hunturu ce ta sauka a akwatin da ba murfi. Wannan shi ne mafi sauƙi. A sa auduga ko soso mai laushi a matatar ruwan akwatin, a ba shi kwana ɗaya ko biyu. Nan gaba a wanke yashi a baho, a yi ta tsiyayewa har ruwan da ke fita ya zama ana hango ƙasan bahon. Ruwan burtsatse ma yana da nasa hali. Wani yana fitowa tas, in ya sha iska sai ya yi ja saboda sinadarin ƙarfen da ke cikinsa. Irin wannan a bar shi ya kwana a buɗe, a tsiyaye na sama. Farin ɓawon da ke fitowa a bakin gilashi kuwa farar ƙasa ce, ita ɗin dai da ake haƙowa a Kalambaina ana yin siminti, ba cuta ba ce.

In kuwa kofin ya kwana yana nan fari yadda aka ajiye shi, babu abin da ya kwanta, to abin da ke cikinsa mai rai ne. Nan ne Baba zai gyara zama.

Kifi a cikin ruwan da yake numfashi yake kashi. Ta gefen kansa, inda yake shaƙar iska, yana fitar da amoniya, sinadarin nan mai hawa kai da ake ji a ɗakin kajin da ba a share ba. Ragowar abinci ma in ta ruɓe amoniya take zama. A gulbi wannan ba komai ba ne, ruwa na tafiya. A akwati kuwa guba ce, kuma dafinta ya fi tsanani in ruwa ya yi zafi ko yana da farar ƙasa, wato irin namu. Masu ceton kifi wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ido ba ya gani. Kashi ɗaya na juya amoniya ta zama naitarait, wadda ita ma guba ce, wani kashin ya juya wannan ta zama naitaret, mai sauƙin illa, wadda tsirrai ke ci a matsayin taki. Wani masani daga daular Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fito da aikinsu fili wajen 1890. Waɗannan ma'aikata ba sa yawo cikin ruwa. Liƙewa suke yi a jikin soson matata da tsakuwa da gilashi, kuma nawa gare su: kafin ɗaya ta rabu biyu sai ta kusa cinye yini da dare. Shi ya sa sabon akwati kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ya zauna da gindinsa.

Akwai kuma wasu bakteriyan, 'yan cin banza, masu bin ragowar abinci da kashin kifi. Su kafin awa guda sun ninka. A sabon akwati da aka cika wa abinci, su ke mamaye ruwan har yawansu ya sa shi fari. Ruwa ba ya tsami banza.

To ka ga abin da omon Baba ke yi. An juye ruwa, an dirje tsakuwa, an wanke soso a famfo. Ma'aikatan da suka fara kafuwa da kyar sun mutu ƙurmus, 'yan cin banza kuwa kwana biyu sun dawo. Ruwa ya sake fari, a sake ɗauko bokiti, har ranar da za a tarar da kifi ya juya ciki sama, a ce ai dama mai shagon ne ya sayar da marar lafiya. Garin neman gira an rasa ido. Ban da haka, ɗan kumfan omon da ya maƙale a tsakuwa shi kaɗai ya isa ya ƙona wa kifi mashaƙar iska.

Maganin farin ruwa yana da wuyar sha a ƙasar nan, don rowa ce. Ku mutanen karamci ne, na shaida. Baƙo ba ya shiga gida ya fita baki a bushe, to haka kuka ɗauki kifin. Kowane yaro ya gitta ya barbaɗa masa abinci. Kaka ta ga abin tausayi ta jefa masa tsakin gero, wani ya gutsura masa biredi, an ma taɓa ba ni labarin lomar tuwo. Kifi ba ya ture kwano ya ce alhamdu lillahi, kuma abin da bai ci ba yana can ƙarƙashin dutse yana ruɓa. A hana su abinci kwana biyu cur. Babu wanda zai mutu. Babban kifi mai lafiya yana mako guda bai ci ba. Bayan nan sau ɗaya a rana, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. A naɗa mutum ɗaya a gidan, a ɓoye gwangwanin inda kaka ba ta sani ba. A tsame ruɓaɓɓen ganye da duk abin da ya kwanta, a bar famfon iska yana aiki dare da rana, domin 'yan cin banzan nan iskar kifi suke rabawa da shi. Buɗe bakin da yayan yaro ya gani a saman ruwa, iska kifin ke nema. Daga nan sai a naɗe hannu. Cikin 'yan kwanaki, in ya yi nisa mako biyu, abincinsu zai ƙare, ruwan ya washe da kansa.

"To ba za a taɓa ruwan ba ke nan sam?" Za a taɓa, amma da lissafi. Akwati mai tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 30 yana cin lita 54, wato jarka biyu da ɗan ɗori. Rubu'insa ake cirewa a mako, kusan rabin jarka. Ka samu tiyo siriri, ka zura baki ɗaya cikin tsakuwa, ɗayan ka zuƙa yadda ɗan bumburutu ke zuƙo fetur daga tanki, ka sake shi a bokitin da ke ƙasa. Ka riƙa caka bakin tiyon cikin tsakuwar sannu-sannu, za ka ga baƙar dauɗa na murɗawa tana hawa, tsakuwar na faɗuwa ta koma wurinta. A cikin wannan ruwan na bokiti za ka matse soson matata sau biyu ko uku, ya rage nauyi kawai, kada ka nemi ya koma sabo. Ruwan kuma kada ka zubar a kwata, ka kai gindin zogale. Wanda za ka mayar ya zama ya kwana a buɗe, musamman na famfo, don kulorin ya fice, kuma zafinsa ya yi kusa da na akwatin. In kifi ya fara kwanciya a ƙasa ya tsuke fiffike, ko gefen kansa ya yi ja, to amoniya ta yi yawa, sai a riƙa canza rubu'i ko rabi kullum har ya warware.

Na ji wani daga bayan taro yana cewa ai masu kiwon tarwada a tamfol kusan kullum juye ruwa suke yi, kuma ba ta mutuwa. Gaskiyarka, Alhaji. Tarwada tana da wata gaɓa a kai da take shaƙar iskar sarari, shi ya sa za ka ganta a baho a kasuwa, ruwa bai rufe bayanta ba, tana ta mutsu-mutsu har la'asar. Ita wata huɗu ko shida ake so ta yi ta tafi tukunya. Ɗan kifin ado bai da wannan baiwa, kuma shekaru ake so ya yi.

Sai koren ruwa, inda na Shagari zai samu abin cewa. Zai ce su a tafkin kiwon karfasa neman koren ruwa ake yi, har kashin kaji ake zubawa don ya zo, a tsoma hannu zuwa gwiwar hannu, in tafin ya ɓace to ya yi daidai. Haka ne, don ƙananan tsirran da suka rina ruwan abincin karfasa ne. Koren ruwa ba guba ba ne. Aibinsa biyu: ba ka ganin kifin da ka saya don kallo, sannan tsirran da ke ba da iska da rana su ne ke shanye ta da dare, shi ya sa da asuba ake tarar da kifi a sama yana haki. Dalilinsa kuwa rana ce da taki. An ajiye akwati a bakin taga don masu wucewa su gani, ranar Sakkwato kuma ba ta san wasa ba. Canjin ruwa ba ya korar sa, ko ka juye kashi tara cikin goma ragowar za ta hayayyafa, kuma ƙanƙantarsa ta sa yana ratsa soso ya wuce. A janye akwatin daga taga, a rufe shi ruf da kwali kwana uku ko huɗu, famfon iska na aiki, ba leƙe. In an buɗe a canza rubu'i, a kuma taƙaita fitila zuwa awa shida ko takwas. 'Yar kainuwa da aka wanke sosai tana taimakawa, tana inuwa tana kuma cinye takin.

Matsalar ba yau ta fara ba. Wani masanin haɗa sinadarai a Ingila, Robert Warington, ya ba da rahoto a 1850 kan kifin zinariya biyu da ya ajiye a tulun gilashi tare da ciyawar ruwa. Ganye ya ruɓe, ruwa ya gurɓata, kore ya rufe gilashi. Sai ya saki 'yan dodon koɗi, suka cinye ruɓaɓɓen, ruwa ya washe. Kafin wani ya aiki yaro bakin madatsa da gwangwani: dodon koɗin ruwayenmu shi ke ɗauke da tsargiya. A bar shi inda yake.

In ruwan ya yi launin shayi amma ana gani ta cikinsa, icen da aka sa don ado ne ke zubar da rini. Ba ya cutar da kifi. A cire shi a tafasa, ko a jiƙa shi a baho har ya gama.

Inna, ban manta da ke ba. Alam yana aiki a randa, ba mai musu: yana haɗa laka ta dunƙule ta kwanta. Amma yana sa ruwa tsami farat ɗaya, kuma sinadarin da ke cikinsa yana liƙe wa kifi a mashaƙar iska. Ke kina shan kofi ɗaya ki tafi, shi a ciki yake kwana. Garin 'ya'yan zogale da matan Sudan suka daɗe suna tace ruwan kogi da shi, shi ma yana kwantar da laka, sai dai a akwati ragowarsa abinci ce ga 'yan cin banza, gobe farin ya ninka. Ruwan da za a zuba wa kifi, a bar shi ya kwanta don kansa.

Abu biyu kuma namu ne na gida, littattafan Turawa ba su cika damuwa da su ba: bazara da ɗauke wuta. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 ya sauka wajen 7.5, alhali a lokacin ne kifi da bakteriya suka fi bukatarsa. In aka ɗauke wuta matata ta tsaya rabin yini, ma'aikatan cikinta suna shaƙewa, wuta na dawowa ta watso ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. In ta daɗe a tsaye, a ɗauraye ta da ruwan akwati kafin a kunna. Wanda zai saya sabo, ya nemi matatar soso da ɗan famfon iska mai aiki da batirin cajin waya ko sola. Ya fi babbar na'urar da rabin rayuwarta a kashe take. In ruwan ya yi zafi, kada a jefa ƙanƙara. A rage ruwa kaɗan, a zuba na randa a hankali. Cike gurbin ruwan da zafi ya shanye kuma ba canjin ruwa ba ne, don dauɗar tana nan ba ta bi tururi ba.

Yawan kifi ma sai an yi rowa. Akwatin jarka biyu na ƙananan kifaye ne shida ko takwas irin su gofi. Kifin zinariya ci gare shi da kashi, yana girma, kuma ruwan sanyi ya fi so. Karfasa tonon yashi take yi, ruwan ba zai taɓa kwanciya ba. Wanda kuwa ya saki ɗan tarwada ciki don ya raya kifin gida, nan da wata biyu ita kaɗai zai tarar, ta yi ɓul-ɓul.

Ɗaya ta rage, ga mai alfahari da cewa nasa ruwan tas yake. Amoniya ba ta da launi. Ruwa na iya yin garau yana kashe kifi, wani kuma ya yi kore shar kifi na ta haihuwa a ciki. Mai hali ya nemi ɗan kwalaben gwajin ruwa wurin masu sayar da kayan kiwon kifi. Marar hali ya kalli kifin: yadda yake iyo, yadda yake numfashi, ko yana rububin abinci.

Wanda har yanzu bai gamsu ba, ban ce ya yarda da ni ba. Ya ɓoye gwangwanin abincin, ya kunna famfon iska, ya ba ni mako biyu. In ruwan bai washe ba, kafin ya aiko mini da saƙon gori ya ƙirga kifinsa, sannan ya ɗaga babban dutsen nan na kusurwa. Akwai mushe a ƙarƙashi.